Doki mai tashi da doki mai dogon gudu: yadda ake lissafin abin

Gardamar dawaki a Maradi ba ta ƙarewa, balle kwana biyu bayan hawan sallah, duk fadar da ka zauna sai ka ji ana cewa dokin gidan wane ya fi na gidan wane gudu, wani ya rantse wani ya rantse, shayi ya huce ba a rabu ba. Ni a ganina yawancin masu gardamar nan kowa na da gaskiya, don abu uku ne suke cakuɗawa wuri guda. Akwai tashi, wato yadda doki ke fizgar gudu daga tsaye. Akwai iyakar gudun da yake kaiwa in ya miƙe. Sannan akwai jimiri, tsawon lokacin da zai iya riƙe wannan gudun kafin ya fara saki. Doki guda zai iya zama zakara a na farko ya zama na baya a na ukku. To sukuwar da muke yi gaban fada ko a fili ranar sallah gajeriya ce, mafi yawanta tashi ne ke yanke hukunci, shi ya sa shi nike so mu warware.

Tashin nan shi ne abin da mushen fizik ke kira akselerasiyon a lise, kuma ba wani abin tsoro ba ne. Gudun da doki ya ƙara, a raba shi da lokacin da ya ɗauka yana ƙarawa, shi ke nan. Wahalar ɗaya ce, mu mun saba da kilomita a awa kamar yadda allurar mota ke nunawa, shi kuwa lissafin da mita a sakan ake yin shi. Sai ka raba da 3.6. Kilomita 36 a awa mita 10 ne a sakan, kilomita 54 mita 15 ne.

A ce doki ya tashi daga tsaye cik, cikin sakan 5 ya kai kilomita 45 a awa. Raba 45 da 3.6, ka samu mita 12.5 a sakan. Raba 12.5 da sakan 5, ka samu 2.5. Ma'ana kowane sakan guda da ya wuce, dokin na ƙara mita 2.5 a sakan bisa gudun da yake da shi: ƙarshen sakan na farko yana 2.5, na biyu yana 5, na ukku 7.5, haka har ya kai 12.5. In kana son nisan da ya ci a wannan lokacin, rabin tashin sau lokaci sau lokaci, wato 1.25 sau 25, mita 31 da ɗoriya. Don a san girman lambar, dutsen da ka saki daga saman soro yana ƙara mita 9.8 a sakan kowane sakan, ke nan dokin nan namu yana da kamar kashi ɗaya cikin huɗu na fizgar abin da ke faɗowa.

Yanzu ga inda abin ke da daɗi. Mu ƙirƙiri dawaki biyu, lambobin nawa ne na zaɓa don misali amma ba su yi nesa da abin da dokin gida mai ƙoshin lafiya ke iyawa ba. Kili yana da tashi 3, amma gudunshi na tsayawa a mita 12 a sakan, kilomita 43 ke nan a awa. Akawal tashinshi 2 ne kawai, sai dai in ya miƙe yana kai mita 14 a sakan, kilomita 50. Anka sake su tare. Kili cikin sakan 4 ya kai iyakarshi, ya ci mita 24. Akawal sai ya yi sakan 7 kafin ya kai tashi iyakar, lokacin ya ci mita 49, Kili kuma yana mita 60. A sakan na 6 ne tazarar ta fi faɗi, mita 12 cur, daidai lokacin da 'yan kallo ke tashi da sowa suna cewa an gama, Kili ya cinye. Daga sakan na 7 Akawal na rage tazarar da mita 2 kowane sakan, sai a sakan 12 da rabi ya kamo shi, a mita 126.

Ka ga ke nan. In filin bai kai mita 126 ba Kili ne gwani, a mita 100 yana sakan 10.3 Akawal na 10.6. In anka ja filin ya kai mita 400 Akawal zai iso a sakan 32 ya bar Kili da kusan mita 39 a baya. Dawakin ba su canza ba, mahayan ba su canza ba, tsawon fili kawai. Mai Kili da ya ce dokinshi ya fi gudu bai yi ƙarya ba, mai Akawal ma haka, ba su dai faɗi a mita nawa ba. Wani abin dariya ma, Usain Bolt da ya yi mita 100 a sakan 9.58 a Jamus cikin 2009 zai riga dawakin nan nawa biyu isa mita 100, don mutum na da saurin tashi fiye da yadda muke zato, amma a mita 200 inda ya yi 19.19 su biyun duka sun wuce shi, Kili 18.7 Akawal 17.8.

To yaya za a auna na gaske, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai? Da salular da ke aljihunka. A samu fili mai ƙasa daidai ba gangare, a kafa itace kowane mita 10, mai ɗaukar bidiyo ya tsaya daga gefe can nesa yadda dokin da itatuwan duka za su shigo hoto, kar ya tsaya gaba ko baya. Yawancin wayoyi suna ɗaukar hoto 30 a sakan guda. Sai a zauna a bi bidiyon hoto-hoto daga inda ƙafar baya ta fara turawa har ƙirjin dokin ya kai itacen farko. A ce ka ƙirga hoto 78, ka raba da 30, sakan 2.6 ke nan. Ninka nisan sau biyu, mita 20, ka raba da 2.6 sau 2.6, za ka samu kusan 3, tashin dokin ke nan. In ka bi sauran itatuwan ɗaya bayan ɗaya za ka ga gudun kowane tsakani, ka ga inda ya daina ƙaruwa.

Ban yarda da agogon hannu ba a wannan aiki. Yatsan mutum na makara ko ya yi gaggawa da kamar kashi biyu cikin goma na sakan, kuma tunda lokacin sau kanshi ake yi, kuskuren kumbura yake. In ka danna a 2.4 maimakon 2.6 lissafi zai ba ka 3.5, in ka danna a 2.8 ya ba ka 2.6 ko ƙasa kaɗan. Doki guda, gudu guda, amma ɗaya lambar ta mai da shi ingarma ɗayar ta mai da shi dokin amalanke, kuma kowa ya san yatsan mai doki wajen wa zai karkata. Wannan dabarar ta hoto ma tsohuwa ce, a 1878 wani mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya ta Amurka doki ya wuce gabansu a guje, nan anka tabbatar cewa akwai lokacin da ƙafafu huɗun duka ba su taɓa ƙasa, kuma lokacin suna dunƙule ne ƙarƙashin ciki, ba a baje gaba da baya kamar yadda masu zane sunka saba yi ba.

Sai dai lissafin da munka yi sama akwai sauƙaƙawa a ciki, mun ɗauka tashin ɗaya ne daga farko har ƙarshe, alhali doki ba haka yake ba. Fizgarshi ta fi ƙarfi a takun farko-farko, tana raguwa yayin da gudun ke hawa, har ta zama sifiri. Lambar da muke samu matsakaiciya ce. Dalilin raguwar kuwa shi ne ya fi burge ni a duk zancen nan.

Ƙarfin turawa nauyi ne sau tashi. Doki mai kilo 350, mahayi da sirdi kilo 70, jimla 420, sau 3, niyuton 1,260 ke nan da ƙafafu za su tura ƙasa da shi baya. Aikin da jiki ke fitarwa kowane sakan kuma wannan ƙarfin ne sau gudu. Yana mita 5 a sakan, wat 6,300. Yana mita 10 a sakan, in yana son ya ci gaba da tashi 3, sai ya fitar da wat 12,600. Ma'aunin nan da ake cewa ƙarfin doki, wanda James Watt ya ƙirƙiro don ya tallata injinshi na tururi ga masu aiki da dawaki, wat 746 ne, na Faransa da anka fi sani a nan wajen 735. Ke nan 12,600 kusan ƙarfin doki 17 ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa doki guda in ya ƙure na ɗan lokaci kaɗan yana kai kusan 15, shi Watt aikin yini guda ya auna ba fizgar sakan biyu ba. To ka ga ƙaramin dokinmu ba zai iya ba, dole tashin ya sauka tun kafin ya kai ƙarshen gudunshi, ga kuma iska da ke ƙara tare shi, ga ƙafafun da kansu sai an kashe ƙarfi wajen wurga su gaba da dawo da su.

A takun farko kuwa ba ƙarfi ne ke hana shi ba. A 2009 masu bincike a makarantar likitocin dabbobi ta Landan sun auna dawakin folo da karnukan tsere, sunka gano cewa lokacin da gudu ke ƙasa abin da ke taƙaita tashin shi ne gaban dabbar na son ɗagawa sama. Duk wanda ya ga ɗan kabu-kabu ya murɗa wuta da ƙarfi tayar gaba ta tashi ya gane abin nan take. Dokin na turawa da ƙafafun baya, in ya tura fiye da kima gaban ya tashi, ƙarfin ya tafi sama maimakon gaba. Shi ya sa doki mai fita da kyau za ka ga ya yi ƙasa da kai, ya miƙa wuya, cinyoyin baya sun shige ƙarƙashinshi, ƙasa na fallatsa. Mahayin da ya jingina baya ya ɗaure linzami yana dukan kaimi a lokaci guda, dokin ya miƙe tsaye yana dukan iska da ƙafafun gaba, abin ya yi kyau a hoto, 'yan mata sun yi guɗa, amma a lissafi sakan guda ya zubar a banza kuma sakan guda a mita 100 ba ya dawowa.

Nauyi ma haka. Bar ƙarfin a 1,260 ɗin nan, ka ɗora babban mutum da rawani da alkyabba da jalala da sirdin ado da kayan ƙarfe, a ce kilo 130 maimakon 70. Jimla 480, tashin ya sauko 2.6. Kashi ɗaya cikin takwas ya tafi. Wannan ne dalilin da masu tsere ke neman samari marasa jiki su hau musu, kuma rashin adalci ne a gwada dokin da ya ɗauko hakimi da cikakken ado da wanda yaro ya hau da ɗan tsumma. Turawa ma sun daɗe da gane haka har suna auna mahayi da sirdinshi kafin tsere. Akwai kuma salon zama, wani Ba'amurke Tod Sloan ya kai wa Ingila salon tsugune bisa gajeriyar likkafa a wajen 1897, lokutan tsere sunka ragu da kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a shekarun nan, don ƙafafun mahayin ke shanye girgizar, dokin ba ya ɗaga shi ya sauke shi kowane taku.

Sai ƙasar da ake gudu a kai. Kofato ba zai tura fiye da yadda ƙasa ta riƙe shi ba. Rairayi mai zurfi irin na cikin gulbi da rani yana shanye ƙarfin, ƙafa ta nutse ƙasar ta gudu baya. Gudron kuma santsi gare shi ga kofato kuma ba ya sassauci. Ƙasa mai ɗan tauri da ɗan laushi a sama ita ce daidai. Saboda haka in za ku gwada dawaki biyu, fili guda, rana guda.

Cikin jikin dokin akwai abubuwan da sunka sa duk wannan ke yiwuwa. Zuciyarshi wajen kilo 4, yana hutawa tana bugawa sau 30 zuwa 40 a minti, yana sukuwa ta haura 200. Saifarshi rumbu ce ta jajayen ƙwayoyin jini, da ya zabura sai ta matse ta zuba su cikin jijiya, jinin ya ƙara ɗaukar iska nan take. Numfashinshi a sukuwa ɗaure yake da taku, taku ɗaya numfashi ɗaya, kuma ta hanci kawai, doki ba ya numfashi ta baki. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu tsoka, ƙashi ne da jijiyoyi masu miƙewa su dawo, suna ajiye ƙarfin saukar ƙafa su mayar da shi a taku na gaba, kuma duk nauyin nan bisa yatsa guda yake tsaye a kowace ƙafa, kofato farcen wannan yatsan ne. Tumbinshi ƙarami ne bisa girman jikinshi kuma ba ya iya amai, shi ya sa dattawan barga ba su cika mishi ciki da gero ana gab da hawa, harawa kaɗan-kaɗan ta fi, ciwon ciki na kashe doki da sauri. Goɗiya na ɗaukar ciki wata 11, ɗan ya miƙe tsaye cikin awa ɗaya ko biyu, doki na kai shekara 25 zuwa 30 in ya samu kulawa, amma ƙasusuwanshi ba su gama ƙwari sai ya kai shekara biyar zuwa shida, abin da masu gaggawar sukuwa da duƙushi ba su son ji.

Dawakin tsere na Turai da Amurka wani jinsi ne daban, sun fi namu tsawo da nauyi, an yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓen su don gudu kawai. Wata goɗiya Winning Brew ta yi mita 402 cikin sakan 20.57 a Amurka a 2008, kilomita 70 a awa ke nan. Namu an zaɓe su ne don wani aikin, su jure zafi da ƙishirwa da doguwar tafiya, su juya a ƙaramin wuri, irin dokin da mayaƙan Maradi na zamanin Ɗan Baskore ke buƙata in sun fita. Dokin Ingila da za a kawo nan cikin zafin watan huɗu ba zai ji da daɗi ba.

Akwai tsere guda da duk mai son wannan lissafin ya kamata ya sani. A 1973 wani doki Secretariat ya ci babban tseren Kentaki a Amurka, mita 2,000 da 'yan kai, cikin ƙasa da minti 2. An raba filin kashi biyar, kowane mita 402, ya yi na farko a sakan 25.2, na biyu 24, na ukku 23.8, na huɗu 23.4, na ƙarshe 23. In ka yi lissafi ya tashi daga wajen mita 16 a sakan zuwa 17.5 cikin kamar sakan 95, tashin ke nan 0.016, lamba 'yar mitsitsiya in ka gwada da 3 ɗin Kili. Amma abin da ya sa ake maganarta har yau, a irin wannan nisan dawaki raguwa suke yi a ƙarshe, wanda ya ci galibi shi ne wanda ya fi jinkirin raguwa. Wannan kuma ya kamata 'yan kallonmu su riƙe, dokin da ka ga ya taho daga baya ya wuce kowa dab da ƙarshe, sau da yawa ba ƙara gudu ya yi ba, sauran ne sunka saki. Ido ba ya rarrabewa, bidiyo da itatuwa na rarrabewa.

Saura zamiya, wadda mu a nan ita ce ƙawar hawa, a taho a guje a ja linzami dokin ya zauna bisa ƙafafun baya ƙura ta tashi gaban sarki. Ita ma lissafin guda ne, gudu ne ke canzawa cikin lokaci, sai dai raguwa. Doki na mita 12 a sakan ya tsaya cikin mita 12: gudu sau gudu 144, raba da nisan sau biyu wato 24, ka samu 6, cikin sakan 2 kacal. Ninki biyu ke nan na tashin Kili. Kilo 420 sau 6, niyuton 2,520, mafi yawa a gwiwoyin baya da jijiyoyi. Mahayi mai kilo 65 zai ji kamar kilo 40 na tura shi gaba, abin da gaban sirdinmu mai tudu da faffaɗar likkafa ke tare mishi. In anka rage nisan tsayawar zuwa mita 8 don burge mutane lambar ta kai 9.

Ba ni cewa a daina, zamiya gwaninta ce kuma dokin da anka horar da kyau da ɗan motsin hannu da zaman mahayi yake tsayawa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne wanda bai horar ba, yana so linzami mai kaifi ya yi mishi aikin wata shida a sakan biyu, ka ga kumfar bakin dokin ta koma ja. Da kuma masu yin ta bisa gudron. A ƙasa kofato na ɗan zamewa yana tona rami, nisan tsayawar ya ƙaru, ƙasar ta shanye wani kashi. A gudron ko dai kofaton ya kama gaba ɗaya jijiya ta ɗauki dukan, ko ya sulluɓe doki da mahayi su faɗi cikin jama'a. Jijiyar ƙafar doki in ta yage watanni take ɗauka kafin ta haɗe, sau da yawa kusan shekara, kuma wurin da ya warke ba ya miƙewa kamar da, to dokin da ya ji wannan ciwon in kunka sake kafa itatuwa kunka auna shi baɗi, tun a mita 10 na farko za a ga bambancin.